Gudun Dutse a Garin Rairayi

Bari in fara da wautata da bakina, kafin wani ya riga ni ya ƙara mata gishiri. Ranar da Kafaran Sule ya ce mini a saman dutse iska ba ta isar mutum, ban tambaye shi komai ba. Na je gida na zare ɗankwalin Inna daga igiya, na ninka shi, na ɗaure hanci da baki tamau, na ce yau zan kawo dutse Dungas. Na fita da gudu da rana tsaka. Ban wuce rijiyar bakin gari ba na ga bishiyoyi sun fara rawa. Da na farfaɗo, mata sun kewaye ni, wata ta juye mini guga, wata tana salati, Inna kuma tana tsaye a kaina. Ba ni take dubawa ba.

"Na biki ne," in ji ta. "Duk tsummokaran gidan nan, Lawali, sai na bikina?"

Kafaran da ya ji, sai da ya riƙe ciki. Ya ce, "Kai ɗan nema, iskar dutse kaɗan ce, amma iska ce mai kyau. Kai kuwa wadda ka fitar kake mayarwa. Wannan ba horo ba ne, shaƙe kai ne."

Ku da kuka fara zuwa wurin Kafaran bana nake ba wannan labari, ku masu cewa gudu ba sana'a ba ne, ai kowa da ƙafarsa. Haka ne, kowa da ƙafarsa. Kaza ma da tata. Shekarata goma sha bakwai, amma a wannan aiki ni tsoho ne, don haka ku zauna ku ji.

Wani jan sa ne ya jefa ni ciki. Lokacin ina ɗan kamu a karar shanu ta Dungas, wato mu ne masu riƙe igiya, mu kama dabba mu tura ta cikin kamiyo, babbar motar kaya. Ran wata kasuwa jan san nan ya fizge, ya kifar da teburin mai shayi, ya yi gabas. Manya suka bi shi, suka sare. Ni ba jarumta ta sa na ci gaba ba. Igiyar da yake ja ta Baba ce, kuma na san abin da ke jirana a gida in ta ɓata. Muka yi ta yi cikin gonaki har muka ƙare a bakin wani kwari mai rake, muka tsaya muna kallon juna kamar surukai. Da na juyo da shi, sai ga wani mutum a kan tsohon moto, wato babur, ƙafarsa ɗaya a miƙe don gwiwar ba ta lanƙwasuwa. Ashe tun daga kara yake bin mu.

"Ka tsaya a hanya?" ya tambaye ni.

"Shi ya tsaya, Baba."

"Gobe bayan sallar asuba ka same ni gindin Tudun Gawo."

Shi ne Kafaran Sule. Tsohon soja ne mai muƙamin kafaran, wato kofur, ya yi aiki can arewa cikin duwatsun Ayar, ya dawo da gwiwa ɗaya da labari dubu. Ya ji ana shirya tseren hawan dutse a can, ana neman yara daga kowace jiha, ya rantse sai ya kai wani daga garin da ko tsakuwa sai an sayo.

Kun san Tudun Gawo, tulin rairayin nan na yamma da gari mai itace ɗaya a ka. A lokacin shi ne dutsena. Kafin in je arewa, dutse mafi girma da na sani shi ne na niƙan Inna. Ranar farko na tasar wa tudun da gudu irin na bin sa. Rairayi ya karɓi rabin kowane taku ya riƙe. Ina tsakiya na durƙusa ina tuba. Kafaran yana sama a inuwa, ya kwaɗo mini kira: "Ka gama? Ko in aiko maka da tabarma?"

A nan ya koya mini abu na farko, wanda har yau kuke ƙi: in hawa ya yi tsauri, ka gajarta taku. Ka hau da kan yatsu, ka ɗan sunkuya, in ya ƙara tsauri ka aza hannu a gwiwa ka koma tafiya. Tafiya ba abin kunya ba ce. Mai tafiya da ƙarfi yana wuce mai gudun ƙarya, ya kuma gaishe shi.

Abu na biyu, yawancin gudu a hankali ake yin sa. Kafaran yakan bi ni a kan moto a hanyar Dantchiao, ya ce in jera masa sunayen shanun Baba ina gudu. In na kasa faɗin Goje da Bakale da Ɗan Fari ba tare da haki ba, to na yi sauri, sai in rage. Mutane suna ganin yaro yana sassarfa yana kiran shanu, gurgu yana bin sa, suka yanke cewa an kai ni wajen mai magani bai yi aiki ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai tsohuwar tayar moto da igiya, in ɗaura a ƙugu in ja ta zuwa kan tudu. Akwai buhun shinkafa da Kafaran ya yi wa hannuwa, ya zuba rairayi, in goya kamar jariri. Akwai ƙaramin bido na ruwa da ɗan gishiri a ciki, da dabino da ƙuli-ƙuli a aljihu, don ka ci kafin yunwa ta zo, ka sha kafin ƙishi ya zo. In sun riga ka, aiki ya lalace. Sai takalmi. Nawa gwanjo ne daga kasuwar Magariya, ya sha duniya kafin ya same ni, ina jin ya je ƙasashen da ni ba zan taɓa zuwa ba. Da ƙasansa ya cinye, baduku ya liƙa masa taya. Duk yamma in zauna ina cire ƙarangiya daga safa, wannan ma cikin sana'ar yake.

Masu hulɗa kuwa, garin duka ne. Tunda aka ga kullum ina gudu, kowa ya ce ai hanya ɗaya ce. "Lawali, tunda za ka wuce, kai wa 'yata daddawa." "Lawali, tsaya ka ce wa ƙanena saniya ta haihu." Wata Gwaggo Tabawa ta ba ni nono a gora in kai wa jikanta ƙauye na gaba. Wallahi ko da na isa, man shanu ya tashi. Tun daga ranar ta daina kaɗa nono da kanta.

Saukowa daga tudu ita ce ladan wahala. In na kai gindin gawo, sai in juyo in saki jiki, in yi tsalle ɗaya in kafa dunduniya, rairayi ya karɓe ni ya zame da ni kamar uwa ta tari ɗanta. Tsalle kaɗan na iso ƙasa. Na taɓa tambayar Kafaran, "Saukowa fa, yaya ake yi?" Ya kau da kai ya ce, "Sauko kawai." Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sai ga muguwar shekara. Ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ke fitar da kai. Abin da muka girbe bai kai rabin rumbu ba. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, fura ta yi ruwa har kana ganin fuskarka a ciki. Kafaran ya karɓe taya da buhu ya ajiye, ya ce ba a horar da jiki da yunwa, abin da ake samu kawai shi ne ciwo. Ya rage mini gudu, matarsa kuma ta riƙa aiko mini ƙullin riɗi. Samarin gari suka watse cin rani. Kawu Ilu, ƙanen Baba, wanda ke tura kurar ruwa a Kano, ya zo takanas don ya tafi da ni. A wannan makon ne kuma aka yi gwajin zaɓe a Magariya, na shiga cikin waɗanda za su je arewa.

Aka zauna a zaurenmu, Baba da Kawu da Kafaran, ni ina raɓe a bakin ƙofa.

Baba ya ce, "Kafaran, gudun nan yana cika rumbu?"

"Bai cika ba tukuna, Malam Habu. Amma duk yaron da ya kai ƙarshe, ana sa shi cikin 'yan gudun jiha. Su ciyar da shi, su mayar da shi lakwal ya ci gaba da karatun boko."

Kawu ya ce, "Yaya, in gudu yake so, kura ma ana gudu da ita. Ga ruwa kyauta."

Baba bai kula shi ba. Ya ce, "Wanda bai kai ba fa?"

"Akwai jaki da ke bin bayan kowa. Shi ke sauko da wanda ya gaza. Kuma duk wanda jakin ya riga isa, an cire shi."

Baba ya juyo ya dube ni. "Ni ban san dutse ba, ban kuma ce ka wuce kowa ba. Amma ban taɓa kai shanu mashaya na bar wani ya koro mini su ba. Ka hau da ƙafarka, ka sauko da ƙafarka. In jaki ya kawo ka, ko ya riga ka, ka ajiye takalmin nan ka bi Kawunka. Ilu, ka jira shi."

Na ce, "Baba, jaki? Ni da na kama jan sa?"

Ya ce, "San a fili ka kama shi."

Muka kama hanya. Muna shiga Damagaram na ga duwatsun nan da suka hau kan juna, na ja rigar Kafaran na ce, "Shi ne?" Ya ce, "Waɗannan jikokinsa ne." Daga Agadas muka shiga wata motar daji, kat-kat, da ta girgiza mu har na manta sunan unguwarmu. Da dutsen ya bayyana, na ɗaga kai ina neman ƙarshensa, hulata ta faɗi.

Kafaran ya nace mu je da wuri, kuma nan ya nuna ya san aikinsa. Muka sauka wani ƙauye a kafaɗar dutsen, cikin garake na albasa da lemo. Kwanakin farko kaina ya yi ta sara, zuciyata na daka kamar matan gidan biki. In sunkuya in ɗaura takalmi, in miƙe ina haki. Ruwan alwala kuwa cizo yake. Kafaran ya hana ni gudu kwata-kwata. Kullum in hau kaɗan da tafiya, in zauna can, in sauko da tafiya in kwana ƙasa, in sha ruwa kamar raƙumi, in ci ko ba na so. A hankali ciwon kan ya tafi. Wannan shi ne maganin iskar dutse, ku ji da kyau: lokaci. Ba ɗankwalin uwarka ba.

Ana gobe tsere, da la'asar, muka ga jakunan da za su bi bayanmu suna cin kara. Kafaran ya tsaya yana kallon su ya daɗe.

"Lawali, akwai abin da ban koya maka ba."

"Me, Kafaran?"

"Saukowa. Ban sani ba. Dutsen nan na hau shi da ƙafata, da bindiga da kaya. A sama gwiwar nan ta karye. A bayan jaki na sauko."

Na ce, "Sai yau za ka faɗa mini?"

Ya ce, "Da na faɗa maka a Dungas, da ka sami dutsen gwaji? Je ka ci abinci."

Da safe aka sake mu. 'Yan birni masu takalma kamar alewa, waɗanda suka iso jiya, suka tashi kamar an kunna musu wuta. Ni na bi a hankali ina kiran shanun Baba a raina. Da hanya ta miƙe sama, sai na fara tsintar su ɗaya-ɗaya, wani zaune a kan dutse ya dafe kai, wani yana mayar da karin safe. Dutse kuma, abin mamaki, ba ya cin taku. Inda ka aza ƙafa nan take zama. Bayan Tudun Gawo da taya, sai na ji kamar an biya ni bashi. Hannu a gwiwa, gajeren taku, na yi ta wuce mutane ina gaishe su yadda aka koya mini. A kasuwa nakan ce ni na fara isa sama. Gaskiya 'yan ƙauyen dutsen sun riga ni, amma ina hango bayansu.

Na juyo, na ga gangara ta shimfiɗe, na ce yanzu za a ga ɗan Dungas. Na saki jiki, na yi tsallen nan nawa, na kafa dunduniya.

Dutse bai karɓe ni ba. Na ji bugun tun daga dunduniya har haƙoran sama. Tsalle na biyu na sauka kan tsakuwa, ta gudu ta bar ni, na tafi da baya, na mirgina, na tsaya a jikin wata ƙaya da ba ta gayyace ni ba. Tafin hannu ya saɓule, gwiwa na jini. Na tashi na sake gwadawa, don ban san wata hanya ba. Yatsuna suna dukan gaban takalmi kowane taku, cinyoyina suka koma fura. Duk waɗanda na gaisa a hawa suka zo suka wuce, suna amsa mini gaisuwar. Har mai mayar da karin safe ya wuce.

Ina zaune ina duba farcena da ya yi baƙi, na ji numfashi mai ɗumi a ƙeyata. Na waiwaya. Jaki ne, da wani tsohon Buzu mai rawani a bayansa.

"Yaro, hau," in ji tsohon. "Ba kunya. Manya sun hau."

"Na gode, Baba. Ina hutawa ne."

"Daga ina?"

"Dungas."

"Akwai dutse can?"

"Akwai na niƙa."

Ya yi dariya har rawaninsa ya zame. Na gaya masa maganar Baba da kurar Kawu. Ya dubi ƙafafuna, ya dubi rana, ya ce, "To matse igiyar takalminka, yatsu su daina yawo. Ka koma bayan jakina ka dubi ƙafarsa. Kar ka kama wutsiya. In ka kama, ka hau ke nan."

Haka na zama ɗalibin jaki. Ban taɓa ganin malami mai natsuwa irinsa ba. Ba ya tsalle, ba ya kafa dunduniya. Taku ƙanana, da sauri, ƙafar duka a ƙasa, gwiwa a sake. Ba ya kallon inda yake takawa, yana kallon inda zai taka. In gangara ta yi tsauri, ba ya fuskantar ta, sai ya bi ta a karkace. Na kwaikwaye shi, tsohon yana bayana yana cewa, "Ƙanana! Kar ka jingina baya, dutse ba kujera ba ne!" Zafin bai tafi ba, amma faɗuwa ta ragu. Sau biyu hannuna ya miƙa wajen wutsiyar nan da kansa, na janye shi.

Da muka kusa ƙasa tsohon ya ce, "Yaro, nan amanata ta ƙare. Da ya ji ƙanshin gida ba ya sauraron kowa, har ni."

Bai rufe baki ba jakin ya ɗaga kunne ya kama sassarfa. Ga tutocin ƙarshe can nesa, ga malamina ya ba ni baya. Na biyo shi ina ɗingishi, muka sha kwanar ƙarshe, sai hanya ta faɗa cikin busasshiyar ƙorama. Rairayi. Fari, mai laushi, mai cin rabin taku, irin na gida sak.

Na zauna na fizge takalman, na riƙe su a hannu. Jakin yana nutsewa yana fizgar ƙafa, ni kuwa nan aka haife ni. Na kamo wutsiyarsa da ido, na kamo cikinsa, na kamo wuyansa. Mutanen da suka fara naɗe tabarmi suka dawo suna ihu, rabi suna goyon bayana, rabi na jaki. Kafaran yana tsalle da ƙafa ɗaya yana kiran, "Goje! Bakale! Ɗan Fari!" Na faɗa kan layin da ƙirji, jakin ya tsallake ni ya wuce wajen karansa.

Shi ya sa yanzu nake kwasar ku zuwa tsohon ramin latarit, na jar ƙasar yin titi, a hanyar Magariya, inda ƙasa ke da tauri da tsakuwa, in sa ku sauka da ƙananan taku 'yan kabu-kabu suna muku dariya. Ku bar su su yi. Hawa yana gajiyar da mutum, saukowa ke karya shi, kuma rairayi maƙaryaci ne.

A kara ina ba da labarin daban. Can nakan ce raƙumi ne, wani lokaci biyu. Amma da muka dawo gida, Baba bai tambayi labari ba. Ya sa na zauna na miƙe ƙafa, ya duba yatsun ɗaya bayan ɗaya yadda yake duba kofaton sa kafin ya saya. Sannan ya dubi Kafaran.

"Jakin fa?"

"Bayansa ya iso, Malam Habu. Ba kowa a kansa."

Baba ya ce, "Ilu, gaida mutanen Kano."

Na ƙarshe na zo, cikin duk waɗanda suka kai. Farce uku suka fita, biyu sun tsiro. Sunana yana cikin 'yan gudun jiha, na koma lakwal, Kawu kuma ya tafi shi kaɗai.